Na ɓoye wa jami'an lafiya sunan mai ciki, shin ina da laifi?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ƙanen mijina yana kwance a asibiti, gwaji ya nuna zazzaɓin Lassa ne. Jami'an lafiya sun zo gida suna rubuta sunan duk wanda ya yi jinyarsa. Na faɗa musu kowa, amma na ɓoye matarsa, domin tana da cikin wata bakwai, kuma surukarmu ta ce kada a tayar mata da hankali, a rufa mata asiri, ai Annabi ya ce cuta ba ta yaɗuwa. Ita ce kuwa mai wanke masa kaya da kwashe amansa. Ina da laifi?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya ba shi lafiya, ya sauke ta lafiya.

'Yar'uwa, da tausayi kika yi wannan ɓoyon, kuma Allah yana ganin zuciyarki. Amma wajibi ne ki gyara yau, kada ki kai gobe. Rufin asirin da shari'a ta yaba shi ne suturta laifin Musulmi. Wannan baiwar Allah ba ta yi laifi ba, jinyar mijinta ta yi, don haka faɗin sunanta ba giba ba ne, ba tonon silili ba ne. A kan wannan babu saɓani.

Cikin nan da kika ambata shi ne ya mayar da al'amarin wajibi na gaggawa. Kun ɗauke shi dalilin ɓoyewa, alhali shi ne babban dalilin faɗa. Lassa ta fi tsanani ga mai ciki a watanni ukun ƙarshe, sau da yawa a rasa ɗan, wani lokaci har da uwar. Cutar tana iya kwanciya a jiki har kwana 21 kafin ta bayyana, kuma ta fara kamar zazzaɓin cizon sauro, a yi ta sayen magani a kemis har lokaci ya ƙure. Abin da jami'an za su yi shi ne duba zafin jikinta cikin waɗannan kwanaki, domin magani ya fi amfani idan an fara shi da wuri. Rayuka biyu kika ɓoye musu.

Sai maganar surukarku. Hadisin "la adwa", wato "babu yaɗuwar cuta", ingantacce ne, yana cikin Bukhari da Muslim, amma fahimtar da aka yi masa ce ba daidai ba. Abu Huraira da ya ruwaito shi, shi ne kuma ya ruwaito cewa kada mai raƙuma marasa lafiya ya kai su cikin masu lafiya. Kuma a cikin tawagar ƙabilar Saƙifa da ta zo yin mubaya'a akwai kuturu, Annabi (SAW) ya aika masa cewa an karɓi mubaya'arsa, ya koma. Shin Manzon Allah zai hana abin da ya ce babu shi? Abin da ya kore shi ne aƙidar jahiliyya cewa cuta tana kama mutum da ikon kanta, ba tare da ƙaddarar Allah ba. Shi ya sa da baƙauye ya kawo masa misalin raƙumi mai ƙazwa da ke shafa wa sauran, sai ya tambaye shi wa ya shafa wa na farkon. Wasu kan ce to ai tawakkali ya fi. Sayyidina Umar ya fi mu tawakkali, amma da ya isa Sarg, wani wuri a kan hanyar Sham, ya ji annoba ta sauka a Sham, juyawa ya yi da jama'arsa, ya ce wa sahabi Abu Ubaida suna gudu ne daga ƙaddarar Allah zuwa ƙaddarar Allah. Balle ma mai tawakkali da ransa yake yi, ba da ran matar wani da ɗan cikinta ba.

Kada ki yi jayayya da tsohuwa, uwa ce mai tsoron rasa jika. Ki sa mijinki ya zauna da ita cikin ladabi, shi ya kira jami'an. Idan ya ja ƙafa, ki kira da kanki, babu biyayya a abin da zai cutar da rai. Su ma jami'an amana ce a wuyansu, haramun ne su baza sunanta a unguwa.

Ke ma ki lura da jikinki har kwanakin su cika. Ku rufe abinci da ruwan sha, ku toshe ramukan ɓeraye, domin daga fitsarinsu da kashinsu cutar take farawa, musamman a lokacin rani. Hatsin da ake shanyawa a ƙasa a tsakar gida, a kwashe shi kafin dare.

Wallahu a'alam.