Tambayoyinku kan abinci da lafiya: ba duk cikowar jiki ce ƙiba ba

Assalamu alaikum jama'a. Tambayoyin da suka taru min a wannan karon kusan duk a kan abinci suke, sai na haɗa su wuri guda. Wasu a gurguje zan amsa, amma akwai waɗanda suka tsaya min a rai, a kansu zan ɗan daɗe, ku yi haƙuri da ni.

Tambaya: Likita kullum ana ce mana a ci abinci mai gina jiki, wai shin wanne ne mai gina jikin?

Amsa: Malam abinci aiki uku yake yi a jiki. Akwai mai ba da ƙarfi, shi ne mai sitaci irin shinkafa, masara, alkama, dankali, sai kuma mai da kitse. Giram ɗaya na sitaci kalori 4 yake bayarwa, giram ɗaya na mai kuma kalori 9, shi ya sa soye-soye ke saurin sa teɓa. Akwai mai gina tsoka da gyara inda ya lalace, wato furotin, yana cikin wake, gyaɗa, ƙwai, kifi, nama da madara. Baligi mai lafiya yana buƙatar wajen giram 0.8 a kan kowane kilo na nauyinsa a rana, in kilo 60 ne kai giram 48 kenan, ƙwai ɗaya kuma yana da kamar giram 6. Na uku su ne bitamin da ma'adanai, ɗan kaɗan jiki ke so amma in babu su aiki cak yake tsayawa, ana samunsu a ganye da 'ya'yan itace da hanta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ci aƙalla giram 400 na ganye da 'ya'yan itace a rana. In ka duba kwanonka ka ga launi ɗaya ne tun safe har dare, toh da gyara.

Tambaya: Ina cin ƙwai ɗaya kullum, an ce min zai toshe min jijiyoyin jini.

Amsa: In lafiyarka ƙalau ci abinka. Mai ciwon zuciya ko suga ko wanda aka auna aka ce kitsen jininsa ya hau, shi ne zai fara tambayar likitansa.

Tambaya: Likita dan Allah a taimaka min. Yarona shekararsa ɗaya da wata takwas, na yaye shi wata uku da suka wuce saboda na samu ciki. Ya yi ta gudawa sai aka ce in daina ba shi ƙwai da kifi da madara wai su ke ƙara gudawar, yanzu farar shinkafa da shayi da biskit kawai yake ci. Ƙafafunsa da kumatunsa sun ciko, kakarsa ta ce alhamdulillahi ya fara ƙiba, amma ni na ga gashinsa ya yi ja yana zuba, ba ya wasa sai kuka. An kawo min wani jiƙo wai zai wanke masa ciki, in ba shi?

Amsa: 'Yar'uwa kar ki ba shi, dan girman Allah kar ki ba shi. Ki kai yaron nan asibiti yau ɗin nan, kar ki bari gari ya waye. Kafin ki fita ki gwada abu ɗaya, ki danna babban yatsanki a saman ƙafarsa ki riƙe na daƙiƙa 3 sannan ki ɗaga, ki yi a ƙafafun duka biyu. In kin ga wurin ya lotsa bai dawo nan take ba, ruwa ne ya taru masa, kitse ba ya lotsawa haka.

Abin da kika siffanta ya yi kama sosai da tamowa mai kumburi, wadda mu a asibiti muke kira kwashoko. Wata likita mai suna Cicely Williams ce ta fara bayaninta a rubuce a shekarun 1930 lokacin tana aiki a ƙasar da yanzu ake kira Gana, sunan ma daga harshen Ga aka ɗauko shi, ma'anarsa ciwon da babban yaro ke kamuwa da shi in an yi masa ƙane an cire shi daga nono. Kin ga labarin yaronki kenan sak. A cikin jini akwai wani furotin da hanta ke yi mai suna albumin, yana daga cikin abin da ke riƙe ruwa a cikin jijiya, in ya yi ƙasa sai ruwan ya tsiyaye ya taru a ƙafa da fuska, a waje a ga yaro ya ciko alhali a ƙarƙashin ruwan tsokarsa ta zube. Gashin da ya yi ja da rashin wasan duk tafiyarsu ɗaya. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne garkuwar jikin irin yaran nan ta riga ta faɗi, yaro zai iya ɗauke da cuta mai tsanani a jini ko huhu jikinsa ko ɗumi bai yi ba, sugan jininsa kan faɗi farat ɗaya, jikinsa ya yi sanyi cikin dare. A irin wannan halin kuma a ɗura masa jiƙon da zai ƙara tsuga shi? Haba jama'a. Ruwa da gishirin jikin da ya rage masa su za su fita, kuma babu wanda ya san me ke cikin kwalbar, hantar da za ta tace shi ita kanta ba lafiya gare ta ba.

Kuma kar ki ce bari in rama masa abin da ya rasa ki cika shi da nama da ƙwai a rana ɗaya, shi ma haɗari ne, zuciyarsa da hanjinsa ba za su ɗauka ba. A asibiti a hankali ake bi, ana farawa da wata madara ta musamman mai suna F-75 kaɗan-kaɗan dare da rana, da maganin kashe ƙwayoyin cuta, a lulluɓe shi kar ya yi sanyi, sai kumburin ya fara saɓewa ya fara neman abinci da kansa sannan a ƙara masa mai ƙarfi. Kar wani ya ba ki maganin sa fitsari wai don ruwan ya fita, kar kuma ki sayo maganin ƙarin jini, ko mu ba ma fara ba su ayon, wato sinadarin ƙarfe mai ƙara jini, a kwanakin farko. In kumburin ya sauka za ki ga kamar ya ƙara ramewa, kar hankalinki ya tashi, ainihin jikinsa ne ya bayyana, daga nan ake ginawa.

Ban ga laifin kakarsa ba, da yawa haka suke ɗauka, ido ne ke ruɗinsu. In da hali ki tafi da ita ta ji daga bakin ma'aikata. Amma maganar hana yaro abinci saboda yana gudawa, wallahi ta gaje ni. Hanji kansa da abinci yake warkewa, fatar cikin hanjin duk bayan 'yan kwanaki take sabuntawa, in aka hana yaro ci sai gudawar ta daɗe, ya rame, ramar ta sake jawo wata gudawar, haka za a yi ta zagaye har a zo inda kike yanzu. Sauran iyaye ku ji, yaro mai gudawa a ci gaba da ba shi nono da abinci, a ba shi ORS, wato ruwan gishiri da sukari na masu gudawa, a ba shi zink miligiram 20 kullum na kwana 10 zuwa 14, in bai kai wata shida ba miligiram 10. Shayi kuma ba abincin yaro ba ne, cika masa ciki kawai yake. Sannan samun ciki ba ya ɓata nono, mai cikin da ba ta da matsala za ta iya ci gaba da shayarwa, shawarar ma ita ce nono zalla wata 6, a ci gaba tare da abinci har shekara 2. Na sake faɗa miki 'yar'uwa, yau za ki kai shi, ke ma ki je awo.

Tambaya: Bitamin C yana hana mura? Kullum sai na sha.

Amsa: Ba ya hanawa, iyakarsa ya ɗan rage kwanakinta. Abin da ya yi wa jiki yawa a fitsari yake fita, ka sha lemon zaƙi ko gwaba ka huta da kashe kuɗi.

Tambaya: Likita ni siririya ce ana ta min gori, ƙawata ta haɗa min ƙwayoyi daga kemis ciki har da deksa, wata biyu kenan ina sha kuma na ciko sosai musamman fuskata. Amma yanzu ina yawan jin ƙishirwa da fitsari da zafin ciki. In daina?

Amsa: Ƙanwata kin ga inda za a yi a hankali. Kar ki daina farat ɗaya, kar kuma ki ci gaba a gida, ki ɗauki ƙwayoyin duka da kwalinsu ki je asibiti cikin satin nan, gobe ma ya fi. Deksametason magani ne mai ƙarfi na kumburi da asma da wasu manyan cututtuka, cikowar da yake sawa illarsa ce ba amfaninsa ba. Yana riƙe ruwa da gishiri, ya tara kitse a fuska da ciki da ƙeya, tsokar hannu da cinya kuma ta narke, ki duba madubi da kyau za ki ga haka. Yana ɗaga suga, ƙishirwa da fitsarin da kike faɗa kenan sai an auna, yana ɗaga hawan jini, ya cinye ƙashi, ya karya garkuwar jiki, ya rikita al'ada. Dalilin da na ce kar ki yanke shi lokaci guda, akwai wasu 'yan halittu biyu a saman ƙoda da ke yin sinadarin kotisol, in an daɗe ana shan deksa sai su kwanta su bar aiki, ranar da kika yanke jiki ba shi da nasa, jini ya faɗi, amai, suma, har a rasa rai. Likita ne zai riƙa rage miki a hankali. In kin ga baƙin bayan gida ko aman jini, a daren nan za ki tafi.

Ni dai masu haɗa wa 'yan mata irin wannan su ji tsoron Allah. Sirantaka ba ciwo ba ce in kina cin abinci kina harkokinki al'adarki na zuwa daidai. Ramar da ke zuwa da tari ko zufar dare ko gudawa ko bugun zuciya, ita ce ake bincike a kai. In nauyi kike so ki ƙara, ki ƙara yawan ci sau biyar a rana, wake, gyaɗa, ƙwai, madara, ki riƙa motsa jiki don tsoka ta ginu, zai ɗauki watanni amma naki ne.

Tambaya: Ina da hawan jini, na daina sa gishiri gaba ɗaya amma bai sauka ba.

Amsa: Baba sinadarin ɗanɗano na miya da abincin gwangwani da taliyar leda duk gishiri ne a ɓoye. Ƙa'idar ita ce ƙasa da giram 5 a rana, kamar ƙaramin cokali ɗaya, duka-duka har da waɗannan. Gishirin da za ka sa ya zama mai sinadarin aidin saboda rigakafin maƙoƙo. Rage gishiri taimako ne, maganinka kuma kar ka ajiye shi, ka koma a sake auna ka.

Tambaya: Ina da ciki wata biyar, an ce jinina 9 ne, an ba ni jar ƙwaya amma tana sa ni tashin zuciya bayan gidana ya yi baƙi sai na bari. Ina shan lemon kwalba mai launin ja da madara a madadinta.

Amsa: Hajiya launin abu ba shi ke ƙara jini ba, in da haka ne da mun huta. Abin da kike sha suga ne da kala, gwangwani ɗaya na irin lemon nan yana kai giram 35 na suga. Mai ciki in himogulobin ɗinta, wato sinadarin jan jini da ake aunawa, ya gaza 11 jininta ya yi ƙasa, ke kina 9, ga haihuwa na tafe da zubar jininta. Jiki da ayon yake ƙera jan jini, ƙwayar da aka ba ki ayon ce da folik asid. Baƙin bayan gida aikin ayon ɗin ne, ba komai. Tashin zuciyar kuma ki gwada shanta da daddare bayan kin ɗan ci wani abu, in bai yi ba ki koma a canza miki wata. Kar ki haɗa ta da shayi ko kofi ko madara, suna hana hanji tsotse ayon, ki ba da tazarar awa biyu, ki sha ta da ruwan lemon zaƙi ko tsami. Ki ci nama, kifi, wake, alayyafo, amma a inda jininki yake abinci kaɗai ba zai cike gurbin kafin haihuwa ba. A duba miki maleriya da tsutsar ciki, in kuma kina da sikila ki faɗa musu. Ki ɓoye ƙwayar inda yara ba sa kaiwa, kamar alawa suke ganinta kuma tana kisa in yaro ya sha da yawa. In kin fara haki kina zaune, ko jiri, ko bugun zuciya, kar ki jira ranar awo.

Tambaya: Mai ciwon suga zai iya shan zuma tunda ba sukari ba ce?

Amsa: Sukari ce malam, kusan kashi 80 cikin 100 nata suga ne, tana ɗaga shi kamar yadda na kanti ke yi. Tunda an taɓo zuma, jaririn da bai cika shekara ɗaya ba kar a lasa masa ko ɗigo, tana iya ɗauke da ƙwayar cutar da ke shanye masa jiki har numfashi ya gagara. In an riga an ba shi kuma kuka ga ya yi laushi ya kasa tsotson nono, a garzaya da shi asibiti.