Bafar da ta koma farau-farau

Na ga saƙonka da hoton kwalbar. Ka ce ruwan distil, wato tsarkakakken ruwa marar ma'adinai, ya ƙare, masu zazzaɓi sun cika benci suna jiran sakamako, sai ka ɗebo na bohol ka haɗa bafar rina jini da shi, wato ruwan gishirin da ke daidaita tsamin rinin gwajin maleriya, kafin ka juya ruwan ya yi fari kamar farau-farau. Kana tambaya ko ka tace shi da takarda ka ci gaba da aiki, tunda awon gishirinka daidai yake.

Zubar da shi, ɗana. Farin da kake gani ba datti ne ya faɗa ciki ba, bafarka ce da kanta take fita daga ruwan. In ka tace, ruwa zai yi garau, amma wani kaso na abin da ka auna a sikeli ya tafi bola tare da takardar.

Ka tuna abin da muke zubawa. A lita guda ta ruwan distil, giram 0.7 na KH2PO4 da giram 1.0 na Na2HPO4 marar ruwa a jikinsa, kamar yadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsara wa masu duba maleriya, don pH, wato ma'aunin tsami da kanwa (ƙasa tsami, sama kanwa), ya tsaya a 7.2. Waɗannan biyun gishirin fosfet ne, wa da ƙane, bambancinsu ƙwayar haidurojin guda ɗaya tak. KH2PO4 yana riƙe da ita, Na2HPO4 ya sake ta. In tsami ya shigo, wanda hannunsa yake wofi ya cafke haidurojin ɗin. In abu mai kanwa ya shigo, mai riƙe da ita ya saki tasa ya kashe shi. Aikin bafa ke nan. Abin da ke tsayar da lambar pH kuwa shi ne yawan wannan idan an gwada da yawan wancan, shi ya sa muke tsayawa kan sikeli kamar masu awon zinariya. A littafi, inda biyun suka yi kunnen doki shi ne wajen 7.2. A cikin kwalba, gishirin da ke ruwan kan ja lambar ƙasa kaɗan, don haka aka ɗan fifita Na2HPO4. Kowace bafa kuma da unguwarta: ba ta da ƙarfi in an yi nisa da fiye da lamba ɗaya sama ko ƙasa. Wata bafar, ta asitet, tana zaune wajen 4.8, ba za ta yi maka aikin jini ba ko ka juye mata buhu.

To me ya sa ba ma amfani da distil zalla, tunda an ce 7 yake? Don ba ya zama a 7. Bar shi a buɗe, ya sha iskar kabon dayoksaid, sai ka tarar ya gangara ƙasa da 6, domin ba shi da mai tsaron ƙofa. Rinin Giemsa da muke rina jini da shi kuwa ba ya yafiya. Launi biyu ne a cikinsa, shuɗi da ja, kuma pH ne ke raba musu wurin kamawa. In ruwan ya yi tsami, silayid ya fito jajur, jikin ƙwayar maleriya ya ƙi ɗaukar shuɗi. In ya yi kanwa da yawa, komai ya yi shuɗi-shuɗi da toka-toka. A 7.2 ne kake ganin zoben nan sarai, ɗigon ja da jiki shuɗi, har wanda ya fara aiki jiya ya gane shi.

Yanzu ruwan bohol. Wanda ka ɗebo irin wanda sabulu ke wahalar kumfa a cikinsa ne, mai barin farin ɓawo a gindin butar shayi. Kalsiyam ne da maganiziyam da ya kwaso daga dutsen ƙasa. Kowane gishiri yana da iyakar da ruwa zai iya ɗauka, kuma na kalsiyam da fosfet iyakarsa ƙanƙanuwa ce ƙwarai. Ai da shi aka gina ƙashi da haƙori, da yana narkewa da sauƙi da babu mai haƙori a garin nan. Abin da ɗalibai suka fi mantawa shi ne iyakar nan ninkawa ake yi, ba tarawa ba. Yawan wannan sau yawan wancan, shi ne ba zai wuce wata lamba ba, wadda ake rubutawa Ksp. Ɗauki AgCl, gishirin azurfa da kulorayid, da kuka yi a makaranta, tasa wajen 1.8 × 10⁻¹⁰ ce. Ƙara kulorayid sau goma, dole azurfar da ke narke ta ragu sau goma, sauran ta kwanta. Kalsiyam ɗin nan yana zaune lafiya a jarka tun safe, ba wanda ya gan shi. Da ka juye masa fosfet mai yawa, lissafin ya haura iyaka, sai suka rungumi juna suka fito fari.

Ga inda ɓarnar take. Kalsiyam ba ya ɗibar wa da ƙane daidai wa daida, ɓangaren kanwar yake janyewa, ya bar haidurojin a ruwa, wato yana jan bafar zuwa tsami. A gefe guda kuma ruwan bohol ya zo da nasa bayikabonet yana tura pH sama. Wa zai rinjayi wani? Ya danganta da rijiyar, har da lokacin shekara. Ka iya sa takardar gwaji ka ga lamba kusa da 7 ka yi murna, alhali ƙarfin bafar ya ragu, ga ƙananan ƙwayoyi da suka tsallake takarda za su zauna kan silayid. Ɗigon datti a ƙarƙashin maikuroskop, ga ido mai gajiya da ƙarfe biyun rana, ba wuya ya zama maleriya. Sai a ɗora wa yaro maganin ciwon da ba shi da shi.

Na san dabarar da za ta zo maka gaba: ɗiga asid ruwan ya washe. Zai washe kuwa, kamar yadda lemon tsami ke cinye ɓawon buta, domin asid na ɗora wa fosfet haidurojin ya raba shi da kalsiyam. Amma kafin ya washe ka baro 7.2 can baya. Ruwan leda ma kada ka yarda da shi, ba a yi shi don a cire ma'adinai ba.

Kada kuma ka rikita wannan da ƙanƙarar da ke fitowa a bafa mai kauri in ta kwana a firij. Wannan sanyi ne ya rage wa ruwa ƙarfin ɗaukar Na2HPO4. Sa kwalbar a ruwan ɗumi, girgiza har ta narke kaf, ta dawo yadda take. Kuskure shi ne tsiyayar ruwan sama a bar ƙanƙarar a gindi.

Ni ma na taɓa shan tawa. Ina sabon shiga a wani ɗakin gwaji, aka kawo sabuwar roba ta Na2HPO4, ban karanta jikinta ba na auna giram ɗaya. Ashe mai ruwa goma sha biyu ce a jiki, nauyinta 358 maimakon 142, wato kashi 40 cikin ɗari kawai na zuba na abin da ake so. Kwana biyu silayid na fitowa ja kamar an tsoma a zoɓo, ina ta zargin rinin, har maigidana ya juyo robar ya sa yatsa kan rubutun bai ce uffan ba. Irin wannan giram 2.5 ake aunawa.

Na yau, in akwai ƙwayar bafa ta 7.2 a durowa, ita ma distil take so, ba ta tsira daga kalsiyam ba. Aika a aro lita biyu a maƙwabta, masu jira kuma a yi musu gwajin gaggawa na tsinke kafin nan. In ka haɗa sabuwa ka gwada ta tukuna. In ta yi ƙasa, ɗiga ruwan Na2HPO4 na kashi 2 cikin ɗari, in ta yi sama, na KH2PO4, ɗigo-ɗigo kana juyawa. Rubuta kwanan wata a jikin kwalbar. Silayid ɗin da ka riga ka rina da farin ruwan nan, ware mini su gefe, kada sakamakonsu ya fita sai na zo.