Zan buɗe gidan abinci da jarin yayana: wace takarda ce farko?

Tambaya: Assalamu alaikum Barista. Shekara huɗu ke nan ina dafa abinci a gida ina saidawa. Yanzu na samu shago a nan Kano, yayana zai zuba jari, ni kuma in riƙe wurin. Wasu sun ce in fara da CAC, hukumar rajistar kamfanoni, wasu sun ce NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna. Da wanne zan fara?

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya sa albarka. Ni da ba zan fara da ko ɗaya daga cikinsu ba. Takardar farko ita ce ta tsakaninki da yayanki.

Kuɗin da zai ba ki, bashi ne ko hannun jari? Idan bashi ne, kuɗinsa kawai yake binki, ko an ci riba ko an faɗi. Idan kuwa ƙiradi ne, shi da kuɗi ke da aiki, to a fiƙihun Malikiyya riba ake rabawa bisa kason da aka yanke tun farko, asarar jari kuma tana kan mai kuɗi, sai in ke kika yi sakaci. Ku zauna ku rubuta: nawa ya zuba, kason kowa, wa ke sa hannu a banki, kuma yaya za a yi ranar da ɗaya ya ce zai fita, ko rai ya yi halinsa magada suka shigo. Na san za ki ce da nauyi ki ce wa Yaya ya sa hannu. Karanta masa aya ta 282 a Suratul Baƙara, wadda ta fi kowace aya tsawo, kan rubuta bashi ta sauka.

Sai mai shago. Wata da ta taɓa zuwa ofishina ta kashe kuɗi ta sa tayil, ta haƙa sokawe, ta fitar da bututun hayaƙi, duk a kan "ba komai, yi aikinki". Mai shagon ya rasu, magada suka saida ginin, ta fito da tukwanenta kawai. Mai hayar shekara, in babu wani sharaɗi a rubuce, yawanci notis ɗin wata shida ne haƙƙinsa, ke kuwa wata shida ba zai maido miki kuɗin gyara ba. Nemi hayar shekaru, a rubuta cewa abinci za ki dafa da gas, a kuma faɗi wa zai ɗauki kuɗin gyaran in kin tashi.

Yanzu CAC. Rajistar sunan kasuwanci ta fi araha, amma ke da kasuwancin abu ɗaya ne a idon doka: mai kawo miki shinkafa bashi zai iya bin dukiyarki ta gida. Kamfani mai rajistar "limited" kuwa zaman kansa yake yi, kuma dokar kamfanoni ta 2020 ta yarda ko mutum ɗaya ya buɗe. Tunda ku biyu ne, shi na fi so miki, a rubuta hannun jarin kowa a ciki.

Tuwo da miyar da kike zubawa a faranti, 'yan duba-gari ne za su fi zuwar miki a kansu: tsaftar wuri, ruwa, da takardar gwajin lafiyar masu girki. Ranar da kika fara ɗura kunun aya ko zoɓo a roba da tambarinki kina kai wa kantuna, ranar kina buƙatar lambar NAFDAC.

Kada ki manta da 'yan aiki. Sashe na 7 na dokar ƙwadago ya ce cikin wata uku da ɗaukar ma'aikaci a ba shi sharuɗɗan aikinsa a rubuce. Dokar diyyar ma'aikata ta 2010 kuma ta ɗora wa mai ɗaukar ma'aikata biyan kashi 1 cikin 100 na jimillar albashi ga NSITF, asusun inshorar ma'aikata, don ranar da tafasasshen mai ya zubo wa yarinya a hannu.

In za ki ga lauya, ki je da Yaya, ku riƙo takardar hayar kafin ki biya ko sisi.