Yadda za ka haɗa ƙaramar sabar da manhajar kwamfuta

Tambaya: Malam, na rubuta manhajar lissafin kayan shago da Python da Flask, a burauza take buɗewa. Ina so in raba wa masu shaguna ba tare da sun sha wahalar saka babbar manhajar sabar irin Apache ba. Zai yiwu in dunƙule ta da sabar wuri ɗaya?

Amsa: Zai yiwu ƙwarai, ɗan'uwa, kuma ba kai ka fara ba. Haka manhajar Jupyter Notebook ke aiki a ƙofa (port, wato lambar da burauza ke bi ta iske sabar) mai lamba 8888, manhajar Syncthing kuma a 8384. Sai dai kada ka ba mutane sabar gwaji da ke zuwa da Flask. Masu ita da kansu sun yi gargaɗi a kai. Ɗauki sabar da ake kira Waitress, Python ce zalla kuma tana aiki a Windows. Bayanai su zauna a SQLite, rumbun bayanai na fayil guda, PyInstaller kuma, mai dunƙule manhajar Python, ya ƙunshe sauran.

Inda nake so ka natsu shi ne tsaro. Sabar ta saurara a 127.0.0.1 kaɗai, wato adireshin da kwamfutar ita kaɗai ke iya kaiwa gare shi. In ka sa 0.0.0.0, wanda ke buɗe ta ga sauran na'urori, duk wanda ya hau Wi-Fi ɗin shagon yana iya leƙa lissafin mutane. Ko 127.0.0.1 ɗin ma bai wadatar ba, domin shafin da mai shago ya buɗe a intanet yana iya aiko wa sabar ɗinka umarni ta cikin burauzarsa. Abin da ya faru da Zoom ke nan a 2019: manhajarsu ta Mac ta ajiye sabar a ƙofa ta 19421, wadda ta ba kowane shafi damar jefa mutum cikin kiran bidiyo bai shirya ba, kuma ko an goge manhajar, sabar tana nan. Sai da Apple ya tura gyara a watan Yuli ya cire ta. Don haka duk lokacin da aka kunna manhajarka ta ƙirƙiri sabon makullin sirri, buƙatar da ta zo babu shi a yi watsi da ita.

Lambar ƙofa kuma, ka sa 0, kwamfutar za ta zaɓo wadda ba kowa a kai. Lamba 5000 da Flask ta saba da ita, AirPlay, tsarin Apple na tura bidiyo da sauti, ya riƙe ta a Mac tun 2021.

Abu ɗaya da ke jawo asara: in ka dunƙule komai a fayil guda, PyInstaller yana zazzage shi ne a jakar wucin gadi da ake sharewa in an rufe manhajar. Don haka fayil ɗin SQLite ya zauna a AppData, jakar da Windows ke ajiye bayanan manhajoji, kuma rufe manhajar ya kashe sabar tare da ita.