Maganar Nissan ɗin yayanka, da gaskit ɗin nan da ke rataye a shago

Toh na ga saƙonka tun jiya da daddare, ban amsa ba ne don na san in na fara sai raina ya ɓaci, kuma ga shi ya ɓaci ɗin. Ka ce yayanka ya samu Nissan Almera 'yar Beljiyam mai sauƙin kuɗi zai saya ya riƙa kabu-kabu, mutane na tsorata shi wai Nissan ba mota ba ce, kai kuma kullum kana ji ina Datsun Datsun, kana so ka san ko da gaske abu ɗaya ce da Nissan. Sannan can ƙarshe ka lallaɓa ka cusa wata magana kamar ba komai ba, wai in akwai gyara sai a yi a garejinmu, kai ka sa kuɗin adashenka a sayi kaya shi kuma ya riƙa biyanka kaɗan-kaɗan in ta fara aiki. Wannan ta ƙarshen ce ta zaunar da ni, in ba don ita ba da cewa zan yi je ka wanke filogi ka ba ni wuri.

Datsun da Nissan uwa ɗaya uba ɗaya, abin kunya ne ma a ce shekararka uku da sifana a hannu ba ka san wannan ba, amma sunan kowane ɗan ƙwallo na Ingila na bakinka. Tun 1914 aka ƙera wata mota a Tokiyo aka sa mata DAT, haruffan farko na sunayen mutum uku da suka zuba kuɗi, Den da Aoyama da Takeuchi. A 1931 suka yi ƙarama suka ce mata Datson, wato ɗan DAT da Turanci, sai aka tuna musu ai a yaren Japan kalmar "son" asara take nufi, ba a jima ba suka mayar da ita Datsun don ta dace da ranar da ke jikin tutarsu. Su sun guje wa asara a suna, ni kuwa ta same ni a aljihu, zan zo nan. Sunan Nissan a 1934 ya hau kan kamfanin, amma motocin da suke fitarwa waje Datsun ake rubuta musu har zuwa 1981 da suka ce za su daina, kafin 1986 sunan ya ɓace daga jikin mota.

Kuma kar ka ɗauka da iyawarsu suka faɗo daga sama, su ma almajirta suka yi. A 1952 suka ƙulla yarjejeniya da Austin ta Ingila suna harhaɗa motocinta a Japan, suna kallo suna koyo ba sa musu, har suka zo suka fi malamin. Ba irinku ba, wata shida a gareji yaro ya fara tambayar yaushe za a yaye shi.

Ni da na shiga aikin nan, bayan kuɗin Udoji na 1975, wato ƙarin albashin da aka yi wa ma'aikata, gari ya cika da mota, manyan ma'aikata Peugeot 504 suke hawa wadda ake haɗawa a Kaduna, shi kuwa malamin makaranta da ɗan tasi da ƙaramin ɗan kasuwa Datsun ce tasu, musamman 120Y da ta fito a 1973. Mutane na raina ta wai gwangwani ce, kuma gaskiya jikinta ba kauri, in ka jingina da ƙofa da ƙarfi sai ta lotsa, a ƙasashen da ke da damshi tsatsa ke cinye ta tun injin bai gaji ba, mu nan arewa da ke bushe ba ta cika damunmu ba. Amma injinta ɗin nan da ake kira A12, wayyo Allah. Sarƙar tamin gare shi ba bel ba, kafireta ɗaya, kwantak da kwandansa, mai kaɗan yake sha, da sifana 10 da 12 da 14 da 17 sai ka kwance motar kaf ka mayar, saɓanin Peugeot da sai ka nemo 11 da 13. A bangon garejin maigidana, Allah ya jiƙansa, akwai hoton Datsun tana tsallake taɓo a tseren Safari na Kenya, don ta ci tseren a 1970 da 1971 da 1973, sannan direbanta Shekhar Mehta ya ci sau huɗu a jere daga 1979 zuwa 1982. In direban Peugeot ya zo yana mana fankama hoton muke nuna masa.

Toh ga abin da ya sa na ce ka zauna ka karanta.

A 1987, sabon yaye nake, na kafa 'yar rumfata ƙarƙashin wata darbejiya, lokacin SAP, tsarin tsuke bakin aljihu na gwamnati, ta shigo naira na faɗuwa, kayan gyara in ka taya yau gobe ka koma kuɗin ya canza. Sai ga wani mutum, ba zan kira sunansa ba don 'ya'yansa na nan, ya sa an jawo masa 120Y tasi da igiya. Dattijo mai furfura a gemu, carbi a hannu, masallaci ɗaya muke sallah kuma kullum yana sahun gaba. Inji ya buga, direbansa ya yi tafiya da ita ba baƙin mai. Da na sauke na buɗe, metal ya narke ya manne, karanshaf ya yi shuɗi don zafi, fistin na uku ya karce silinda har farcena na maƙalewa a ciki. Na lissafa masa, sai an kai karanshaf an goge, a yi wa bulok ribo, fistin da ringi obasayis, metal, famfon mai, cikakken gaskit. Mutumin nan ya zauna a kan tsohuwar taya ya cire hula ya dafe kai, ya ce motar nan ita ke ciyar da mutum goma sha ɗaya, ba shi da ko sisi, in taimake shi don Allah in sa kuɗina, duk Juma'a zai kawo min wani abu har ya gama, ya ma ƙara min da tukwici. Har da hawaye wallahi.

Ina da naira 700 a cikin gwangwanin madara a ƙarƙashin katifa, kuɗin lefe ne, shekara biyu ina tarawa, an riga an sa rana bayan babbar sallah. Na ce ai wata huɗu ne kuɗi za su dawo. Na kwashi 640 na sayo kaya, kuɗin aikina ma ban sa a lissafi ba tukun. Kwana goma sha ɗaya ina kan injin nan, kowane ringi sai na sa shi a silinda na auna bakinsa da fila, bawul takwas ɗin nan da hannuna na goge su ɗaya bayan ɗaya har tafin hannuna ya yi kanta, ba yaro ko ɗaya da na bari ya taɓa. Ranar da na tayar da ita na ɗora kofin shayina a kan murfin iyakilina, shayin ko motsi bai yi ba. Sai na ɗauki fonci na buga ɗigo uku kusa da lambar inji, alamar da nake sa wa duk injin da na haɗa har gobe.

Juma'ar farko ya kawo 30. Ta biyu ya kawo 30. Ta uku ban gan shi ba, ta huɗu ya canza masallaci. Na je gidansa ya fi sau goma kullum "ya fita", ga takalminsa a zaure ina kallo. Daga baya wani ɗan kamasho a tasha ya ja ni gefe ya ce ai mutuminka ya sayar da motar tun tuni an tsallaka da ita Nijar, kuma da tsada ya sayar don inji sabo ne.

Na kai ƙara gaban mai unguwa. Aka tara dattawa, shi kuma ya zo da wani abu ƙunshe a takardar siminti, ya warware a tsakiyar tabarma, gaskit ne na top, wato siririn shafin da ake sa wa tsakanin bulok da kan inji, ya ƙone tsakanin silinda biyu. Ya ce ga aikin yaron nan, sati uku motar ta tafasa a hanya inji ya mutu, a kuɗin ƙarfe ya sayar da ita, in ma gaskiya za a bi ni zan biya shi. Kallo ɗaya na yi wa gaskit ɗin na ji jikina na rawa. Ba na A12 ba ne! Na L16 ne, injin wata Datsun daban, 160J. Ramin silindarsa milimita 83 ne namu 73, ga shi da wani baki a gaba inda sarƙa ke hawa zuwa kamshaf na sama, shi kuwa A12 kamshaf ɗinsa a cikin bulok yake, gaskit ɗinsa ramukan fushrod gare shi a gefe ɗaya. A bola ya tsinto shi ko wani bakanike marar tsoron Allah ya ba shi. Na tashi ina bayani ina nunawa da yatsa, na ce a aika a ɗauko kowane bulok na 120Y a ɗora a gani in zai zauna, amma wa zai saurare ka? Mutanen da ke wajen ba wanda ya san bambancin gaskit da faifai. Ɗaya ya ce yaro ka rage murya a gaban manya, wani ya ce dattijo kamar wannan ba zai yi ƙarya a kan abin duniya ba, aka tambaye ni ina takarda, ina shaida, ba ni da ko ɗaya, maigidana da zai tsaya min ya rasu shekara guda kafin nan. Aka ce a yi haƙuri, kowa ya yi asara, a bar wa Allah, aka shafa fatiha. Ni dai na sunkuya na ɗauke gaskit ɗin na fita ko sallama ban yi ba.

Sallah ta zo ba akwati ko ɗaya. Na roƙi a ɗaga, aka ɗaga sau ɗaya, na biyu baban yarinyar ya ce shi ba ya ajiye 'ya don jiran bakanike, aka ba wani mai shagon atamfa. Kar ka kuskura ka ɗauki wannan maganar ka kai wa Hajiya a gida, ta sani amma ba ta son a tuna.

Bayan kamar shekara biyu na je Maraɗi ɗaurin aure, ina tsaye a bakin tasha sai na ji wata mota na salo a bayana, tun ban juya ba na ce wannan hannuna ne. An canza mata fenti amma ita ce. Na roƙi direban ya buɗe bonet, na goge ƙura da babban yatsa, ga ɗigo ukuna. Na ce masa ka taɓa buɗe injin nan? Ya ce tun da ya saya ban da juye da filogi da kwantak bai taɓa komai ba. Na tsaya ina kallon lefena yana ɗaukar fasinja. Gaskit ɗin nan da ke rataye a ƙusa bayan ƙofar shago, wanda ran nan ka so zubarwa na daka maka tsawa, shi ne.

Yanzu maganar Almera. Ba zan tsaya ina koya maka duba baƙin mai da hayaƙin salansa da ruwan lagireto ba, wanda bai san wannan ba ya koma sayar da rake. Abin da masu Nissan ke kuka da shi yau yawanci giya ce ba inji ba. Tsofaffin irin su Sunny mai GA16 da Primera mai SR20 jikokin Datsun ne na gaske, ka ba su mai mai kyau su binne ka. Amma bayan sun haɗe da Renault a 1999, a hankali suka cika motocinsu da giyar nan CVT, wadda bel na ƙarfe ne ke gudu tsakanin fule biyu, ba ta son zafi ba ta son lodi, kuma man da take sha daban ne, NS-2 ko NS-3 gwargwadon motar. Sai mai mota ya je bakin titi wani yaro irinka ya ɗura mata jan man otomatik na gama-gari, wata biyu ta fara kuka tana santsi, sai a ce Nissan ba mota ba ce. In ta yayanka manuwal ce ko tsohuwar otomatik mai giya huɗu, ba ruwansa da wannan. Abin da za ka saurara a Almera sarƙar tamin ce, tana miƙewa, ka tayar da ita da sassafe inji na sanyi ka ji ko tana kaca-kaca ko tana wahalar tashi, kar ka yarda dillali ya ɗumama ta kafin ka zo. Sannan ka shiga ƙarƙashi da kanka, 'yan Beljiyam gishirin da ake zubawa a titi lokacin ƙanƙara yana cin ƙasansu, a shafe da baƙin fenti a kawo maka. Kuma ka gaya masa yadda ya same ta da araha haka zai sayar da araha, ba Corolla ba ce da ko ta tsufa ana rububinta.

Sunan Datsun ma sun dawo da shi a 2013, suka yi wata 'yar ƙarama Datsun Go don Indiya da Indonesiya da Afirka ta Kudu, aka gwada ta a karo a 2014 ko tauraro ɗaya ba ta samu ba, a 2022 suka sake rufe sunan. Ni ban ɗauke ta Datsun ba, tambari kawai aka liƙa.

Kuɗin adashenka kuwa, in na ji ka taɓa su a kan motar nan ka nemi wani garejin. Na san za ka ce ai yayanka ne ciki ɗaya, to wancan dattijon aƙalla na iya kai shi gaban mai unguwa, kai wa za ka kai, gaban mahaifiyarku? Ya sayi kayansa da kuɗinsa ya kawo da rasit, aiki ni zan yi masa ragi saboda kai. Ku kawo ta ran Asabar da safe kafin rana ta yi zafi, kuma ka zo min da sifana 12 ɗina da ka ce ba ka gani ba, na gan ta a aljihun wandonka.