Sanyin Jos ya fi kama ni fiye da maigidana, lafiya kuwa?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Muna zaune a Unguwar Rogo, Jos. Da hunturu ya kama, ni riguna uku ba sa isa ta, maigida kuwa da jallabiya ɗaya yake fita sallar asuba, har yana ce mini raki ne. Ko wata cuta ce? Kuma yaya zan shirya yara? Daga wata uwa.

AMSA: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Ba raki ba ne. Jos na bisa tsauni, kusan mita 1,200 sama da teku, shi ya sa a Disamba da Janairu sanyin asuba kan sauko kusa da digiri 10. Zafin jikinku ku biyu ɗaya ne, wajen digiri 37, amma tsoka na samar da ɗumi, maza kuma galibi sun fi mata tsoka. Jikin mace yakan yi saurin tsuke jijiyoyin jinin hannu da ƙafa don ya tsare ɗumin ciki, sai yatsu su sanƙare. Tsofaffi da ramammu ma haka suke. Sai dai in sanyin ya haɗu da kasala, jiri ko ɗashewar tafin hannu, ki je a auna jininki, a duba maƙoshi, domin ƙarancin jini da raunin thyroid (wata halitta a maƙoshi mai daidaita aikin jiki) duk suna jawo shi.

Batun sutura, yawan riguna ba shi ne ba, tsarinsu ne. Ta ciki ta kama jiki, kuma in za ki yi aikin da zai sa ki gumi, kada ta zama auduga, don auduga na shan gumi ta riƙe, ki zauna da jiƙaƙƙiyar riga ba ki sani ba. Sai suwaita ta ulu mai ɗan sakin jiki, iskar da ta maƙale tsakani ita ke riƙe ɗumi. Ta waje kuma jaket mai tare iska. Hijabi kaɗai jaura ratsa shi take yi. Duk ana samunsu a gwanjon kasuwar Katako. Safa biyu masu matsewa sun fi guda ɗaya sanyaya ƙafa, saboda suna hana jini gudu. Bayan alwala ki tsane ƙafa, ki shafa man kaɗanya, sannan safa.

Jariri a ƙara masa riga ɗaya kan abin da kika sa, da hula. Ki taɓa ƙeyarsa ko ƙirjinsa, ba hannu ba. In da gumi, kaya sun yi yawa. 'Yan makaranta suwaita mai zif ta fi, don da hantsi rana za ta buɗe. Mai sikila kuwa a ninka kula, sanyi na tayar masa da ciwo.

Kaskon gawayi kada ya kwana a ɗaki rufe. Gubar da yake fitarwa ba ta da wari, kuma tana kisa cikin barci. A ji ɗumi, a fitar da shi waje kafin a kwanta.