Hukuncin shan sofliment (magungunan ƙara ƙarfin jiki) bayan mura ta saki mutum

Tambaya: Salamu alaikum Malam, Allah shi ƙara lafiya. Daga Mabera nike, shekaruna 46. Mura ta kama ni farkon hunturun ga, yanzu ta sake ni amma gaɓoɓi na ta ciwo ga kasala. Mai kemis ya ce kumburi ne cikin jiki, ya haɗa min kafson man kifi da na kurkum da bitamin D da zinki wai in sha wata uku, wani abokina kuma ya ce kafso akwai alade ciki in tsaya ga habbatus sauda. Kuma ina shan asfirin kullum saboda zuciya. Mi ne hukunci?

Amsa: Wa alaikumus salam, Allah shi ba ka lafiya ɗan'uwa. Neman magani halal ne, Annabi (SAW) ya ce ku nemi magani bayin Allah, Allah bai saukar da cuta ba sai da ya sanya mata magani in ban da tsufa, Abu Dawud da Tirmizi sunka ruwaito. Nan garin Sakkwato ma Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya yi rubuce-rubuce kan magani.

Maganar alade, abokinka bai yi ƙarya duka ba. Ɓawon kafso da yawa da jelatin ake yinsa, shi kuma daga fata da ƙashin saniya ko alade ko kifi anka samo shi. Taron malamai da likitoci da anka yi Kuwait a 1995 ya ce jelatin ya rikiɗe ya zama wani abu daban don haka ya tsarkaka, wasu malamai kuma ba su yarda rikiɗar ta cika ba. Abin da nike rinjayarwa, tunda kai ba lalura ta matsa maka ba, juya kwalbar ka karanta bayanta, in an rubuta na kifi ne ko na tsiro ko akwai tambarin halal to bismillah, in na alade ne ka bar shi. Man kifin kansa babu komi, abin ruwa halal ne.

Amma ni abin da ya fi tayar min da hankali cikin tambayarka asfirin ɗin nan ne, wallahi ya fi maganar kafson muhimmanci. Asfirin na hana jini saurin daskarewa, man kifi da kurkum mai yawa su ma suna iya yin haka, ka ga in ka tara su tsawon wata uku ba da sanin likitan da ya ɗora ka kan asfirin ba kana iya jawo ma kanka zubar jini, kuma ƙa'ida ita ce la darara wa la dirar, wato ba cuta ba cutarwa. Zinki in ya wuce miligiram 40 a rana ga babba yana cutarwa, bitamin D shi ko taruwa yake cikin jiki, yawansa na iya taɓa ƙoda. Don haka bai halatta ka sha wanga haɗi ba sai likitanka ya gani ya amince, ka kwashi kwalaben cikin leda ka kai masa, ka duba kuma ko suna da lambar NAFDAC.

Habbatus sauda hadisinta na cikin Bukhari da Muslim, mun yi imani da shi, sai dai hadisin bai ce ka kwankwaɗi rabin kwalba ba, ita ma ka faɗa ma likitan. Zuma cikin ruwan ɗumi da 'yar citta, barci isasshe, ruwa da yawa saboda ƙurar ga ta Sakkwato, su za ka riƙe, galibi kasalar bayan mura da kanta take wucewa cikin 'yan makonni. In ko ka ji numfashi na yi maka wuya ko ƙirji na ciwo ko zazzaɓi ya dawo, kai da ke da lalurar zuciya kar ka jira gobe, ka tafi asibiti ranar. Wallahu a'alam.